Burodin Kakan Hoto

"Mama, Kakan hoto ai ya mutu. Da wane bakin zai ci burodin?"

Tep ce ta yi tambayar, tana tsugune a ƙofar kicin, haɓa bisa gwiwa. Shekarunta biyar, kuma ba ta iya tambaya ƙasa-ƙasa ba. Uwarta Duyen ba ta ɗago ba. Hannunta na dama yana kaɗa ɗanyar gwaiduwar ƙwai a kwano, na hagu yana ɗiga mai kaɗan-kaɗan, tana haɗa man ƙwai na shafa wa burodi. Irin aikin nan ne da in ka tsaya ko ka yi gaggawa sai ya tsinke, a koma farko.

"Ƙamshin yake ci," ta ce. "Matsa min daga hanya."

"To in ya cinye ƙamshin, wa zai ci sauran?"

"Ke za ki ci, uwar tambaya," in ji Inna Tam, uwar mijin Duyen, da ke saukowa daga bene tana dafa bango. "Bana rabon kakanki naki ne. Dubi wuya kamar mariƙin lema. In kin ci abin da ya rage masa, ya san da ke, ya riƙe ki."

Hannun Duyen ya ɗan tsaya, ta yi sauri ta ci gaba da kaɗawa.

Ranar ce zagayowar rasuwar tsohon, mahaifin mijinta Luan. Luan ne auta, kuma auta ke zama da gida da teburin magabata, inda ake ajiye hotunan mamata, saboda haka duk shekara nan dangi ke taruwa, aikin kuma kan matar auta yake sauka. A nan Saigon kowane gida yakan dafa wa mamacinsa kaza da miya da shinkafa mai danƙo, nan ma haka. Sai dai tsohon direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa da banh mi, burodin nan mai kaya a ciki, ya karya kumallo a bayan sitiyari. Tun shekarar farko Inna Tam ta kafa doka: a tsakiyar tiren abincin da ake ajiye wa mamacin sai an sa masa guda, mai kaza da niƙaƙƙiyar hanta, man ƙwai har yana tsiyaya.

Da can daga bakin lungu ake sayo shi. Bana Duyen ta ce ita za ta yi, kamar yadda take yi kullum tun da aka sallamo Tep daga asibiti. Wani burodin ƙofar makaranta ne ya kai yarinyar can, amai da gudawa, har ta koma kamar tsumma. Duyen ta yi kwanaki a tabarma a gefen gadon, tana kallon ruwa yana bin roba zuwa hannun da bai kai kaurin rake ba. Likitar da ta sallame su ta ce mata ɗanyen ƙwai da hanta in suka sha zafi ba lallai su yi wari ba, ba lallai su sake launi ba, kuma cikin yarinyar bai gama komawa daidai ba, ciwo na biyu zai fi na farko muni.

Tun daga nan Duyen ke tashi kafin kowa. Ta je gidan burodi na bayan kasuwa ta karɓo mai zafi, ta turara hanta, ta yayyage kaza, ta haɗa wa Tep nata, sannan ta hau babur zuwa kamfanin takalma inda take ɗinki. Na Tep ba ya ganin man ƙwai ko a mafarki. Ƙwan take soyawa har gefensa ya yi baƙi-baƙi. Matan lungu sun yi dariya har sun gaji. A Saigon, inda ko'ina ka juya keken mai burodi ne, wace mace ce za ta hana idonta barci don abin da ake saya da canjin aljihu? Amsa ma ƙarfi take so, Duyen kuwa ba ta da na zubarwa.

"Inna," ta ce, da tsohuwar ta leƙo kwanon, "da mun sa masa soyayyen ƙwai bana. Kin ga garin da zafi."

"Busasshen burodi zan ba mijina? Yana da rai ban ba shi ba, sai yanzu da ba shi da bakin ƙorafi?"

"Ba haka nake nufi ba. Tunda Tep ce za ta…"

"Turaren tsinke guda ne fa, 'yar nan. Kafin ki wanke tukwanen nan ya cinye, an sauke tire. Ke dai tun da kika dawo daga asibitin nan, ko inuwarki tuhumarta kike."

Duyen ta auna maganar. Gaskiya ne, tsinke guda ba ya daɗewa. Man sabo ne, ƙwan da kanta ta zaɓo. In aka sauke da hantsi, babu abin da zai faru. Kuma ranar mijin tsohuwar ce.

Ta ɗauki burodin, marar nauyi kamar babu komai a ciki, ta ɗan gasa shi har ɓawon ya fara ƙara. Ta tsaga shi ta gefe, ta bar ƙarshensa biyu a rufe yadda take yi kullum don kada kayan ciki su zubo. Ta shafa man ƙwai a ɓangare ɗaya, hanta a ɗayan. Kaza, sai karas da farin ɗan'uwansa da suka kwana cikin ruwan tsami da sukari, ta matse su sosai don kada su jiƙa burodin. Kokwamba a tsaye, ɗanyen ganye, barkono mai yawa yadda aka ce tsohon yana so, ɗigon baƙin ruwan waken suya. Ta naɗe shi da takarda.

"Mama, a ba ni hancin." Haka Tep ke kiran busasshen ƙarshen nan mai ƙaras-ƙaras, wanda komai ba ya kaiwa cikinsa.

"Wannan ba a taɓa shi sai mai shi ya gama."

Teburin magabata yana ɗakin can sama, ƙarƙashin rufin kwano, don ba a yarda wani ya taka saman kansu ba. Watan Afrilu ne, damina ba ta sauka ba. Da aka hau da tiren, ɗakin ya riga ya fara ɗumi. Inna Tam ta jera komai gaban hoton tsohon, ta zuba shayi da giyar shinkafa a ƙananan kofuna, ta kunna turare, ta kira mijinta da sunan da take kiransa da shi, ta ce ya zo ya ci. Luan ya rusuna, Duyen ta rusuna, aka dafa kan Tep ita ma ta rusuna. Fanka kuwa ba a kunna ta, don tana cinye turare da wuri tana watsa toka cikin abinci.

Abin da Duyen ba ta saka a lissafinta ba shi ne dangi. Turaren bai kai rabi ba sai ga Goggo Tu, yayar Luan, da mijinta da kwandon mangwaro. Ta hau, ta kunna nata. Nata na gab da cinyewa sai ga wani ƙanen tsohon, ya kunna nasa. Bayansa wasu tsofaffin direbobi biyu, abokan aikin mamacin. Kowa ya zo sai ya kunna sabo, kuma ba a sauke wa mamaci tire turare yana ci, kamar ka janye kwano ne daga gaban baƙo da loma a hannunsa.

Rana ta take tsaka. Duyen ta hau da sunan ƙara ruwan shayi. Zafin ɗakin ya mare ta tun daga matakala. Takardar burodin ta yi sharkaf da maiƙo, man ya narke ya biyo gefe ya taru a tire. Ta kai bayan yatsa ta taɓa. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi.

Ta sami Luan a tsakar gida yana fasa ƙanƙara ana zuba wa kwalaben giya.

"Baban Tep, zo." Ta ja shi gefe. "Ka ce wa Inna a sauke burodin nan ko shi kaɗai, in sa a firiji."

"Yaya Hai bai iso ba."

"Yana ina?"

"Ya ce cunkoso ne a gada. Yanzu zai shigo."

"Tun ɗazu yake yanzu zai shigo. Ka hau ka taɓa abin nan ka ji."

Luan ya goge gumi da gefen riga. Shi ma tun asuba yake ɗaukar kujeru daga maƙwabta. "Maman Tep, ki rufa min asiri. In na ce a sauke kafin ɗan fari ya rusuna wa ubansa, shekara za a yi ana maganar. Ki yi haƙuri kaɗan."

Ta je wurin Inna Tam da kanta. Tsohuwar na zaune cikin mata ana gyaran ganye.

"Inna, ko a ɗan sauko da burodin a ajiye a sanyi, in Yaya ya zo a mayar?"

Goggo Tu ce ta riga amsawa. "A sa Baba a firiji ya jira? Kai, matan yanzu! Amaryarmu, ko ke ma likitar kika zama ba mu sani ba?"

Mata suka yi dariya. Inna Tam ba ta yi ba, ta dai ce, "Abin da ke gaban mamaci ba ya lalacewa. Je ki duba miyarki."

Duyen ta koma kicin. Dabara ɗaya ta rage mata. Ta kira Tep, ta zaunar da ita bayan ƙofa, ta ɗura mata shinkafa da dafaffiyar kaza har yarinyar ta fara kau da kai. Mai ƙoshi ba ya kwaɗayi, in ji ta a ranta.

Sai da rana ta karkata Yaya Hai ya iso, fuska duk ƙurar hanya, yana ba da haƙuri tun daga bakin lungu. Kuma don ya wanke laifinsa, bai zo hannu sake ba: ya taho da turare na musamman, irin mai kaurin yatsa, mai tsawon kamu biyu. Duyen na tsaye a ƙasan matakala ta ga ya wuce da shi. Ta jingina da bango ta rufe ido.

Lokacin da turaren nan ya ga dama ya cinye, maza sun yi laushi da yunwa, yara sun yi barci sun farka. Aka ƙona wa tsohon kuɗin takarda na bogi, irin wanda ake ƙona wa mamata, a bakin ƙofa, aka sauko da tire. Kaza da miya aka mayar kan wuta suka sake tafasa. Burodi kuwa ba a tafasa shi.

Aka zazzauna a tabarmi. Inna Tam ta ɗauki burodin da hannu biyu, ta buɗe takardar, ta sa tsinken cin abinci ta tsince barkonon ɗaya bayan ɗaya.

"Ina mai mariƙin lema? Zo nan."

Tep ta taso da gudu. Ƙoshin bai yi aikin komai ba. Rabonta da man ƙwai tun kafin asibiti, ga shi kuma yana sheƙi a gabanta.

"Naɗe hannu ki gode wa kakanki. Yauwa. Ki cinye tas, ko ɓurɓushi kada ya faɗi ƙasa."

"Inna, ta ƙoshi," in ji Duyen. "Yanzu na ba ta shinkafa."

"Ban ƙoshi ba!"

"Kin ji," in ji Goggo Tu. "Mai ciki ta yi magana."

Duyen ta dubi Luan. Luan yana duban kofinsa. Ta dubi ɗakin: surukai, tsofaffi, abokan mamaci, kowa da murmushi yana jiran ya ga jika ta ci albarkar kakanta. Zubar da shi ba zai yiwu ba, rabon mamaci ba ya shiga shara. In ta ce ya lalace, ta ce wa tsohuwar a gaban jama'a ruɓaɓɓen abu ta ba mijinta. Tep kuwa har ta buɗe baki.

Duyen ba ta san sanda ta tsallake tabarmar ba. Ta karɓe burodin daga hannun yarinyar, ta karya busasshen hancin ta danƙa mata.

"Ungo naki. Kin ci rabon Kaka."

Sauran kuma, a durƙushe inda take, ta kai baki. Ta ci, ta ci, ba ta tsaya ba. Abin takaicin, daɗi gare shi. Ba tsami, ba wari, ɗumi kawai. Ta haɗiye lomar ƙarshe, ta tattara ɓurɓushin da ke takardar ta lashe.

Tep ta fashe da kuka, hancin burodi a hannu.

"To fa," in ji Goggo Tu. "Mun saba jin uwa ta cire daga bakinta ta ba ɗa. Yau mun ga wadda ta cire daga bakin ɗa."

Yaya Hai, mutumin da ba ya son rigima, ya tafa hannu. "Ku ƙyale ta! Irin wannan kwaɗayin ba na banza ba ne. Auta, ko dai ƙanen Tep ne a hanya kake ɓoye mana? A zuba masa giya!"

Aka kwashe da dariya, aka ɗaga kofuna, aka shiga tsokanar Luan. Duyen ta bar su a haka. Inna Tam kaɗai ba ta ɗaga kofi ba. Ta ninke takardar maiƙon nan a hankali, ta ajiye gefen tire.

Duyen ta wanke kwanukan taron gaba ɗaya, ta mayar wa maƙwabta kujerunsu, ta share toka a sama. Washegari da safe tana ɗaura hular babur cikinta ya murɗa. Ba ta kai bakin lungu ba.

Abin ya kwantar da ita sosai. Luan ya kai ta wurin likita a unguwa aka ƙara mata ruwa, aka tabbatar wa mai son sani cewa babu wani ƙanen Tep. Ya zauna da ita yini guda, washegari dole ya koma aiki. Ta rage daga ita sai tabarma da bokiti, da tsohuwar da ke shigowa da kunun shinkafa mai citta, ta ajiye, ta matsa mata ƙafafu ba tare da ta dube ta ba.

"Kin ɗauki abin da ba naki ba," in ji Inna Tam ranar, tana fifita kunun. "Tsohon bai da faɗa, amma ba ya son a shiga gabansa. Na hau na ba shi haƙuri. Na ce yarinya ce, gajiya ta yi mata yawa."

Duyen ta juya fuska ga bango, barci ya ɗauke ta.

Motsi ne ya tashe ta. Tep ce zaune kusa da kanta, da kayan makaranta, tana lasar yatsa. A gefen bakinta akwai ɓurɓushi, da wani ɗan maiƙo rawaya.

"Me kika ci?"

"Kaka ta saya min a bakin lungu. Jiya ma. Mama, nasu ya fi naki mai."

Duyen ta tashi zaune, ɗakin ya juya mata. Ta jawo yarinyar, ta taɓa goshinta, ta taɓa cikinta, ta leƙa idonta. Lafiya lau. Ta sake taɓawa.

"Da safe ta saya, ko da rana?"

"Da safe."

"Cikinki na ciwo?"

"A'a. Mama, kina matse ni."

Inna Tam ta leƙo da kwano a hannu. "Me kuma? Yarinya za ta tafi makaranta da yunwa ne don uwarta na kwance? Ni ban iya wannan haɗe-haɗen naki ba, idona ma ba ya gani."

Gaskiyarta ne, kuma shi ya fi ciwo. Duyen ta ci burodin don ta tsare 'yarta, ga shi cin nasa ya kwantar da mai tsaron.

"Inna, zauna," ta ce. Muryarta a dushe take. "Ba tsohon ne ya kama ni ba. Ƙwai ne. Ɗanyen ƙwai ne da ya yini a ƙarƙashin kwano. Da Tep ta ci, da yanzu muna asibiti, in ma mun yi sa'a. Tun a kicin ya kamata in tsaya a kan maganata, ban tsaya ba. Baɗi in za a sa man ƙwai, turaren farko na cinyewa zan hau in sauke burodin da hannuna, ko wa bai iso ba. In ba a yarda ba, ranar ni da Tep a gidan iyayena za mu yini."

Tsohuwar ta daɗe tana juya kunun da cokali. Ta dubi jikarta, ta dubi wuyan nan da take tsokana.

"Baɗi da nisa," ta ce. "Sha kafin ya huce."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta kama hannun Tep suka fita. Duyen ta sha kunun, ta kwanta tana sauraron muryar yarinyar a tsakar gida, tana jira ta ji ko za ta sauya. Har yamma ba ta sauya ba. Da gari ya waye, ta ɗauki jaka ta nufi gidan burodi na bayan kasuwa.

Ke da kike karanta wannan da yaro a gefenki: duk abin da aka yi da ɗanyen ƙwai ya yini cikin zafi, kada ki bari ya shiga bakin ɗanki, ko daga hannun wa ya fito, ko da wane suna aka kira shi. Kada ki tsaya shinshinawa, ba ya wari. Kuma kada ki yi irin ta Duyen ki haɗiye shi don gudun ɓacin ran manya. Ki faɗa tun abin yana kicin, da babbar murya, a ji haushinki. In kika kwanta, babu mai tsare miki shi yadda kike yi.